Cinikin Biri a Sama a Kan Allon Ces

Wasiƙar wannan makon daga Zariya ta zo, daga wani ɗalibi da ya roƙi a sakaya sunansa. Ga abin da ya rubuto, na ɗan rage mata tsawo:

"Assalamu alaikum, Yaya. Shekarata biyu da fara wasan ces. A waya na koya, daga baya na shiga wani kulob a unguwarmu. Ba abin da ke burge ni a wasan kamar sadaukarwa, in ba da doki ko bishof in fasa gidan sarkin abokin karawa. Watan jiya mun kara da wani kulob, mutum huɗu-huɗu. Muna da 2 suna da 1, wasana kaɗai ya rage, ko kunnen doki na yi mun wuce. Ni ke da farare, kuma ba na cikin wata matsala. Sai na ci sojan h7 da bishof, sarkinsa ya cinye, na kawo doki g5 da cek, kawai sai bishof ɗinsa da ke e7 ya ɗauke dokin. Wallahi ban gan shi ba. Aka cinye ni, aka tashi 2 da 2, aka duba wanda ya ci a allon farko, suka wuce. Malamin da ke koya mana, dattijo ne sa'an babana, ya ce a gaban kowa: 'Kai ba ces kake yi ba, caca kake yi.' Mako uku ke nan ban taka kulob ba. A waya ma yanzu tsoron ba da ko soja ɗaya nake, kuma bayan wasa kwamfuta tana nuna min wuraren da da na sadaukar da na ci. Na rasa yadda zan yi. In haƙura da wasan ne, ko in canza salo? Kuma Malam ya kyauta min?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Sannu da ƙoƙari, kuma na gode da ka haɗo da takun wasan gaba ɗaya. Na shimfiɗa allo jiya da daddare na bi su ɗaya bayan ɗaya. (Ga wanda bai saba ba: kowane gida a allon yana da suna, harafi daga a zuwa h da lamba daga 1 zuwa 8, kamar h7 ko g5; cek kuwa shi ne kai wa sarki hari kai tsaye.)

Kada ka bar wasan, kuma kada ka bar sadaukarwa. Abin da ya kayar da kai ran nan ƙaramin abu ne mai gyaruwa: ka tsayar da lissafinka a daidai inda ya yi maka daɗi. Ka ga bishof ya ci h7, ka ga doki ya zo g5, ka hango sarauniya a h5, zuciyarka ta riga ta fara murna. Ba ka tsaya ka tambayi kanka ba, a cikin 'ya'yansa wane ne ke kallon g5.

Bari mu zauna a kan wannan harin na h7 tukuna, domin ka zaɓi tsohon makami mai kyau, riƙon ne ka kuskure. Tun ƙarni na 17 yake a rubuce cikin wasannin Gioachino Greco, mutumin Italiya, kuma har gobe yana cin mutane. Amma yana da sharuɗɗa, kamar yadda kowane magani ke da ƙa'idar sha. Bishof ɗinka yana d3 yana kallon h7. Dokinka yana f3, yana iya hawa g5 ya zauna lafiya. Sarauniya tana da hanyar zuwa h5. Dokin abokin karawa ba ya f6, kuma ba zai iya dawowa can ba, shi ya sa ake son sojanka ya kasance a e5. Ukun cikin waɗannan duk kana da su. Na zaman doki lafiya a g5 ne ya ɓace maka, domin bishof ɗinsa na e7 da sarauniyarsa ta d8 suna jere a kan hanya ɗaya, dukansu suna kallon gidan. Da a ce ba ka riga ka yi kasilin ba, wato takun nan da sarki ke matsawa gefe ya ɓuya ruk ya tsallako shi, ruk ɗinka yana nan h1, sojanka kuma ya hau h4, to cinye dokin da ya yi shi zai zama ajalinsa, domin sojan zai rama a g5 ya buɗe wa ruk layi har kan sarkinsa. Kai kuwa ruk ɗinka yana f1, sojan yana h2. Siffar ta yi kama da wadda ka saba gani a bidiyo, sai dai kama da wane ba ta wane.

Ko da sharuɗɗan sun cika, aikin bai ƙare ba. Bayan doki ya ba da cek a g5, sarki yana da manyan ƙofofi uku, kuma wajibi ne ka leƙa kowacce kafin bishof ya bar hannunka. In ya koma g8, sarauniya ta hau h5, yawanci daga nan sai kisa ko asara mai yawa. In ya fito h6, ya tsaya ke nan a kan hanyar bishof ɗinka na c1, dokin ya kauce da cek ya tafi da abu mai tsada. Ƙofa ta uku, g6, ita ce mai wuya, kuma ita ce 'yan koyo ba sa dubawa, saboda a ganinsu ba mai hankalin da zai fito da sarkinsa fili. Gwanaye kuwa suna fitowa, kuma sau da yawa suna tsira. Duk wanda bai shirya wa sarki a g6 amsa ba, bai gama lissafi ba.

Ni yadda na ɗauki sadaukarwa, ciniki ce. Kowa ya san farashin da ake koya wa ɗan koyo: soja 1, doki 3, bishof 3, ruk 5, sarauniya 9. Ranar da ka miƙa bishof ka karɓi soja, ka fitar da 3 ka karɓi 1, saura 2 bashi ne a kan allon. Tambayar ita ce me ka saya da su, kuma kayan suna hannunka ko suna kan bishiya. Hausawa suna da sunan cinikin da aka biya kuɗi kayan suna can sama suna tsalle: cinikin biri a sama. Naka na ran nan shi ne.

Rudolf Spielmann, gwanin kai hari ɗan ƙasar Ostiriya, ya fitar da littafi a kan sadaukarwa a 1935, ya kasa ta gida biyu, kuma rabon nasa zai amfane ka. Akwai wadda sunanta ne kawai sadaukarwa: ka bayar, amma ka lissafa har ƙarshe ka ga ko dai sarki ya mutu, ko kayanka sun dawo da riba, kuma abokin karawa ba shi da hanyar kaucewa. Wannan ba kasada a cikinta, aron ɗan lokaci ne. Sai kuma ta gaske, wadda ba ka ga ƙarshenta ba, ka dai auna ka ga sarkinsa ya tsiraita, 'ya'yanka sun fi nasa motsi, ka yarda cewa matsin zai haifar da wani abu. Ta biyun aikin ƙwararru ce, tana son idon da ya ga dubban wasanni. A shekararka ta biyu, ta farkon ita ce abincinka. Abin da na lura da shi a wasanka, kuma nake gani a wasan matasa da yawa, shi ne yin ta biyun da zaton ta farko ake yi. Mutum bai lissafa ba, bai kuma auna ba, ya dai ga siffa ya ji a jikinsa.

Akwai wani abu da nake zargin yana damun da yawa daga cikinmu da muka taso muna diraf a gindin bishiya kafin mu san ces. A diraf ci dole ne. In ka miƙa ɗa, abokin wasa ba shi da zaɓi, sai ya ci, kai kuma ka kwashe biyu ko uku. Hannu ya saba da haka. A ces kuwa ba wanda aka ɗora wa dole ya ci abin da aka miƙa masa.

Wani dattijo ne ya koya min wannan, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, Allah ya jiƙansa. Bayan la'asar muke zama a kan benci a ƙofar gidansa, allon a tsakaninmu, ɗaya daga cikin sojojin baƙaƙen ya ɓata an maye gurbinsa da murfin kwalba. Lokacin na koyi tarkon nan na Legal, wanda ake ba da sarauniya a kashe sarki da doki biyu da bishof. Muka fara: sojojin tsakiya suka haɗu a e4 da e5, na fito da doki f3, ya fito da nasa c6, na kai bishof c4, ya tura soja d6, na fito da ɗaya dokin c3, ya kawo bishof g4 ya ɗaure min doki da sarauniya, wato in dokin ya motsa sarauniya ta shiga bakin bishof. Nan take na ci sojan e5 da dokin da aka ɗaure, na bar sarauniya a buɗe. In ya cinye ta, bishof ya ci f7 da cek, sarki ya hau e7, doki ya sauka d5, shi ke nan. Baba ya cire tabarau, ya goge da bakin rigarsa, ya mayar. Ya daɗe yana kallon sarauniyar. Sannan ya ce, "Yaro, wa ya gaya maka dole ne in ci? Nan ba diraf ba ne." Ya ɗauke dokina da dokinsa na c6, wanda daga e5 kuma yake gadin bishof ɗin g4. Na tashi da asarar doki a kan soja ɗaya.

Bai bar ni haka ba. Ya mayar da 'ya'yan inda suke, ya tura sojana h3 da yatsansa, ya ja bishof ɗinsa baya zuwa h5, ya ce in sake gwadawa. Yanzu in na ci e5 ya rama da doki, dokin ba ya gadin h5, sarauniyata ta cinye bishof. In ya ci bishof ɗina na c4, sarauniya ta ba da cek a b5 ta dawo ta ɗauke dokin. A ƙarshe ni ke da ribar soja. Taku guda na ƙaramin soja ne ya raba sadaukarwar banza da ta ƙwarai. Tun daga ranar, kafin in miƙa komai sai na ji muryarsa: in ya ƙi ci fa? In ya ci da wani ɗan daban fa? In ya ci, ya dawo min da rabi don ya kashe wutar fa? Waɗannan tambayoyin nake so su zauna maka a ka.

Tunda muna maganar ciniki, ga wani da nake gani kusan kullum a wasan 'yan koyo. Baƙi ya yi kasilin, fari yana da bishof a c4 da doki a g5, sai ya ci f7 da doki, ruk ya rama, bishof ya ci ruk, sarki ya ci bishof. Fari ya ƙirga: na ba da 3 da 3, na karɓi 5 da 1, ba wanda ya cuci wani. Alhali an cuce shi. 'Ya'yansa biyu da suka fito aiki, waɗanda ya kashe taku wajen fito da su, sun tafi. Abin da ya karɓa ruk ne da bai fara aikin komai ba. A tsakiyar wasa, lokacin da allon ke cike, doki da bishof sun fi ruk da soja amfani nesa ba kusa ba. Lissafin farashi jagora ne kawai, sai an haɗa da duba wane ne ke aiki, wane ne ke barci.

Na san wanda ya sa maka wannan ƙaunar, ko ba ka faɗa ba. Duk mai son sadaukarwa ya bi ta hannun Mikhail Tal, mutumin Riga, wanda ya karɓe kambun duniya daga Mikhail Botvinnik a 1960 yana ɗan shekara 23. Ni ma ina sonsa, har yau in na bi wasansa sai tsigar jikina ta tashi. Gaskiya ne wasu hare-harensa an gano daga baya suna da rami. Sai dai masu yanko bidiyo ba sa nuna maka cewa Tal ya fi kusan duk mutanen zamaninsa saurin lissafi da zurfinsa, in ya jefa wasa cikin duhu ya san shi ya fi gani a duhun. Ba sa gaya maka cewa tsakanin 1973 da 1974 ya yi wasa 95 a jere ba a cinye shi ko sau ɗaya ba. Mai watsar da kaya barkatai ba ya yin haka. Botvinnik kuma ya koma ya yi nazarinsa, ya dawo a 1961 ya ƙwace kambunsa, ta hanyar jan wasan zuwa inda ba wurin kunna wuta.

In kana son malami a fannin hari a matakin da kake, Paul Morphy, gwanin Amurka na ƙarni na 19, ya fi dacewa da kai. Nemi wasan da ya yi da wasu mutum biyu da suka haɗa kai a gidan opera na birnin Paris a 1858, taku 17 ne kacal, ka haddace shi. Ya ba da doki, ya ba da ruk a kan doki, a ƙarshe ya ba da sarauniya, ya kashe sarki da ruk da bishof, su kaɗai suka rage masa cikin manya. Amma ka dubi allon a lokacin da ya fara bayarwa. Sarauniyarsa da bishof biyu da doki duk suna waje suna aiki, sarkin abokan karawarsa yana tsakiya bai ɓuya ba, kuma har aka tashi bishof ɗinsu na f8 da ruk na h8 ba su motsa ba. A takarda sun fi shi kaya, a fagen daga ya fi su mutane. Yanzu koma ka dubi naka wasan a takun da ka ci h7. Dokinka na b1 da ruk na a1 suna gida. Da mutum uku ka tafi yaƙi, ka fara da ba da ɗaya.

Wayar ma tana da nata laifin. A wasan minti uku, harin banza yana ci sau da yawa, domin wanda aka kai wa ba shi da lokacin neman amsa, sai ya rikice. Ka yi ta cin mutane da haka, hannunka ya koyi cewa abin yana aiki. Dandalin ces na intanet Chess.com kuma yana liƙa wa kyakkyawar sadaukarwa alamar motsin rai guda biyu (!!), yara suna ɗaukar hoto suna yaɗawa, har wasu sun koma farautar alamar maimakon farautar nasara. Su ma wasannin wasa ƙwaƙwalwa da ake warwarewa a dandalin ces na Lichess da sauransu, duk da amfaninsu, suna da illa guda: an riga an gaya maka akwai abin ci a wurin. A wasan gaske ba mai taɓa kafaɗarka ya ce yanzu ne. Ran nan a gaban mutumin da ke da lokaci a agogonsa ka zauna, ya yi tunani, ya ga abin da 'yan minti uku ba sa gani.

Sai maganar Malam. Ka tambaye ni ko ya kyauta. A ganina da ya ja ka gefe ya fi, domin kalmar caca tana da nauyi a kunnen ɗan Musulmi, balle a gaban tsaranka. Na fahimci zafin da ka ji. Amma a kan wancan takun guda, gaskiya ya faɗa, kuma akwai abin da ya fi rashin ganin bishof ɗin e7 nauyi. Wasan ba naka ba ne kai kaɗai. Mutum uku sun zauna sun yi gumi sun kawo 2, kunnen doki kawai ake nema a wurinka, kana zaune lafiya ba mai korar ka. A irin wannan hali ko harin yana da kyau, in dai ba ka ga ƙarshensa ƙuru-ƙuru ba, haƙuri ake yi. Ka ɗauki amanar mutane ka shiga kasada da ita, garin neman gira aka rasa ido. Wannan shi ya ɓata wa dattijon rai, kuma da bai sa rai da kai ba da bai ce komai ba. Malami ba ya ɓata bakinsa a kan ɗalibin da ya fid da tsammani a kansa.

Don haka kada ka jira ranar kulob. Ka je gidansa da yamma, ka gaishe shi yadda ake gaida uba, ka ce, "Baba, na zo a nuna min inda na yi kuskure." Ka tafi da takardar wasan. In ka ga fuska, bayan an gama, kana iya gaya masa cikin ladabi cewa maganar ta yi maka ciwo. Abokanka uku kuma kalma ɗaya ta ishe su: na yi ganganci, ku yi haƙuri. Ba sai ka yi dogon bayani ba. Kowannensu ya taɓa zubar da wasa, sun san yadda abin yake. Mako ukun da ka yi kana ɓuya ya fi kuskuren kansa yi maka illa a wurinsu.

Tsoron da ya kama ka yanzu ba abin mamaki ba ne, wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle. Amma kada ka bari ya zauna. Wilhelm Steinitz, wanda ya zama zakaran duniya na farko a 1886, ya koyar da cewa ba a kai hari sai da fifiko a hannu, ya kuma ƙara da cewa wanda ke da fifikon wajibi ne ya kai harin, in ba haka ba fifikon zai zube. Rabin farko ka karya ran gasar, rabi na biyu kake karyawa yanzu a waya. Wuraren da kwamfuta ke nuna maka ka wuce, yawancinsu irin sadaukarwar farko ce ta Spielmann, mai lissafi har ƙarshe, wadda ba ta bukatar jarumta ko kaɗan, zama kawai take so a ƙirga.

Ga abin da nake so ka yi daga nan zuwa wata guda. Ajiye wasan minti uku. Ka riƙa yin na minti 15 mai ƙarin daƙiƙa 10 a kowane taku, ko guda ɗaya ne a rana. Duk lokacin da hannunka ya yi ƙaiƙayin bayarwa, ka ɗora shi a cinya, ka koma kujerar abokin karawa a zuciyarka, ka nemo masa amsar da ta fi kowacce cutar da kai. Fara da duk cek ɗin da zai iya ba ka, da duk abin da zai iya ci, da kowane ɗa nasa, har wanda ke can lungu. Ka ƙirga naka da ke kusa da sarkinsa, ka ƙirga masu gadinsa. In bayan wannan ka iya faɗa wa kanka a jimla ɗaya abin da kake saya, misali "kisa a taku huɗu" ko "ruk ɗinsa zai dawo min", to bismilla, ka bayar ko sarauniya ce, kada hannunka ya yi rawa. In jimlar ta ƙi fitowa, ka duba wane ɗa naka ne ke barci ka fito da shi. Sau da yawa bayan taku biyu harin yana nan yana jiranka, kuma ya fi na da ƙarfi.

Ka sami ƙaramin littafi ka riƙa rubuta kowace sadaukarwa da ka yi da wadda ka fasa, da dalilinka a lokacin, kafin ka kunna kwamfuta ta faɗi nata. In sun kai goma ka aiko min, mu bi su tare. Ka gaida min Malam in ka je.